Takardar Inshora da Ƙafar Sani

Na san abin da ake faɗi a kaina a Dayi, kuma na san ya iso kunnuwanku, don ba a ɓoye ake faɗinsa ba. Cewa ake yi Lawal mai rijiya ya karɓe kuɗin ƙafar ƙanensa ya yi rufin kwano da su. Shekaru da yawa ina jin wannan magana ina haɗiyewa, wani lokaci a bakin masallaci, wani lokaci a wurin ɗaurin aure, har da waɗanda na gina wa iyayensu rijiyar da suka sha suka girma. Ban taɓa tanka wa kowa ba. To, yanzu ƙarfi ya ƙare, ido ya fara yin hazo, kuma ku 'ya'yana da ku 'ya'yan Sani, Hadiza da Kabiru, kuna da hakkin ku ji daga bakina. Ban ci kuɗin ƙafar Sani ba, don babu wanda ya taɓa biyan ko kwabo a kanta. Amma kada ku yi saurin jin daɗi. Abin da na yi ya fi wanda ake faɗi muni, kuma shi nake so in rubuta maku.

Ginin rijiya gadonmu ne, kuma yana da tsari irin nasa wanda babu wanda ya rubuta amma kowa ya sani. Babba yana tsayawa a baki, ƙarami yana shiga ciki. Na sama shi ke duba launin ƙasar da ake fitowa da ita ya san ko an kusa ruwa, shi ke kula da igiya, shi ke magana da mai gari da masu kawo abinci. Na ƙasa shi ke riƙe da diga da dagi cikin zafi da duhu. Na shiga wa Baba rijiya tun ina saurayi har ranar da Allah ya karɓi abinsa, sannan na hau sama, Sani ya shiga. Haka kuma komai na gidan da sunan babba yake tafiya. Takardar haraji sunana, gonar da Baba ya bari sunana ake kira a kanta, da muka fara karɓar aikin gwamnati takardar kwangila ma sunana. Ba ƙwace ba ne, kuma Sani bai taɓa ganin ƙwace ba ne. Tukunya ɗaya muke ci, rumbu ɗaya muke ɗiba. In ka ce wa Sani ya sa sunansa a takarda ina zaune, kamar ka ce mashi ya riga ni sa hannu a kwano ne.

Bayan farin nan da ya kashe shanu, lokacin muna cikin jihar Kaduna, gwamnati ta tashi haiƙan da gina rijiyoyin kankare a ƙauyuka. Ofishin ruwa ya riƙa ba ƙananan 'yan kwangila irinmu aiki, rijiya ɗaya ko biyu a lokaci guda. Wallahi mun ga alheri. Muka yi daga Dayi zuwa Ƙarfi, muka yi har wajen Matazu. Na sayi babur, na yi wa Inna, mahaifiyarmu, sabon ɗaki, aka fara kirana ɗan kwangila a tasha, ni kuma kaina ya fara girma. In ina faɗin gaskiya dole in faɗi wannan, don shi ne tushen komai. Sani kuwa bai canza ba. Mutum ne mai shiru, gajere, faffaɗan ƙirji, in ya shiga rijiya sai ka ji yana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa, diga na tafiya daidai da ita. A duk ƙasar nan ban ga wanda ya kai shi iya zaunar da zoben kankare ba. Zobe muke ce wa kankaren nan mai zagaye da ake zubawa a waje, in ya bushe a saukar da shi cikin rami ɗaya bisa ɗaya don ƙasa kada ta rufta. Ƙarti huɗu ba su ɗaga shi.

Akwai wani Malam Iro, shugaban leburorin ofishin, dattijo mai gemu fari wanda ke zuwa duba aikinmu kafin a sa hannu. Shi ya ga hannun Sani ya yaba. Wata rana bayan ya gama dubawa a wani ƙauye, muna zaune gindin ɗorawa muna shan fura, ya ce ofis na ɗaukar maginan rijiya aiki na dindindin, kuma ya riga ya ambaci sunan Sani. Ya ce albashin bai kai abin da kwangila ke kawowa ba, wannan ba zai ɓoye mana ba. Amma akwai doka a kan ma'aikaci: in ya ji rauni a bakin aiki, a yi mashi magani, a biya shi diyya, in ya nakasa a nema mashi aikin zaune ko a sallame shi da abin da zai riƙe iyali. Ɗan kwangila kuwa kansa yake wa aiki, in wani abu ya same shi babu ruwan ofis. Na tambaye shi, cikin wasa wai, ko ni ma za su ɗauke ni.

Ya ce, “Malam Lawal, masu tsayuwa a baki muna da su har sun yi mana yawa. Masu shiga muke nema.”

Bai faɗa don ya ci mani fuska ba, amma maganar ta soke ni, na kuma riƙe ta. Muka hau babur muka nufi gida. Abin da ke raina shi ne, in Sani ya tafi, ni mene ne? Mutum mai babur da takardar kwangila, ba shi da mai shiga rami.

A gida maganar ta kwana biyu tana yawo. Inna ta ce ita ba ta son a raba tukunya, amma aikin gwamnati ba abin wasa ba ne, a yi addu'a a duba. Rabi, matar Sani, uwar Hadiza da Kabiru, tana so ƙwarai, amma ba za ta iya fuskantata ba, sai ta bi ta wajen matata Hajara. Hajara ta same ni ta ce Rabi ba ta barci duk ranar da aka ce za a saukar da zobe, in don Allah ne in bar yaron nan ya tafi. Na yi mata tsawa, na ce yaushe mata suka fara raba wa maza aiki a gidan nan. Da na tambayi Sani shi kansa, sai ya sunkuyar da kai ya ce duk abin da Yaya ya gani. Na san abin da yake so. Ƙanena ne, na goya shi, na san yadda yake murza yatsa in yana son abu yana jin nauyin faɗi. Na gani sarai na kawar da kai.

Cikin wannan hali ne na haɗu da Rasaki a Funtua. Bayarabe ne amma haifaffen garin, uwarsa na sayar da atamfa a kasuwa, a wurinta muka sayi kayan auren Sani. Hausa a bakinsa ta fi tawa daɗi. Ya yi boko, ya zama wakilin wani kamfanin inshora, yana da ɗan ofis a bayan shagon da muke sayen siminti. Na ba shi labarin abin da ke damuna, sai ya ce ai akwai takarda ta masu aikin kansu irinmu: ka riƙa biya duk shekara, in hatsari ya naƙasa ka kamfani ya biya ka, kuma abin da suke biya ya fi na gwamnati. Wallahi ji na yi kamar an sauke mani dutse daga ka. Ba don na damu da hatsari ba, a'a, don na sami abin da zan rufe bakin mata da shi. Na koma gida ina cika baki, na ce ga abin da ya fi na Malam Iro, mu ci kwangilarmu kuma mu sami kariya. Inna ta ɓata rai, ta ce wannan kiran masifa ne, mutum da lafiyarsa ya je ya sayi takardar karyewa. Na ce mata ai na gwamnatin ma haka yake, sunan ne ya bambanta. Ta tashi ta shiga ɗakinta. Washegari Sani ya aika wa Malam Iro cewa ya gode, ba zai samu zuwa ba.

Ranar kasuwar Funtua muka je ofishin Rasaki ni da Sani. Ya ba mu kujera, ya aika aka kawo lemo, ya zaro takarda mai layi-layi ya ɗauki biro. Ya tambayi sana'a muka faɗa, ya tambayi gari muka faɗa. Sannan ya tambayi suna. Kafin in buɗe baki Sani ya ce Lawal. Rasaki ya ajiye biron, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ina so ku ji wannan da kyau, don kada wani ya ɗora wa bawan Allah nan laifi, ya fita hakkinmu.

Ya ce, “Malam Lawal, takardar nan jiki ɗaya take rufewa. Ba ta gida ba ce, ba ta kwangila ba ce. Wanda sunansa ke kai, shi kaɗai. A cikinku wa ke shiga ramin?”

Na ce, “Duk mu biyu muke aikin.”

Rabona da shiga rijiya a lokacin shekara bakwai. Amma in ce a gaban ɗan Iya mai atamfa ni ba na shiga, ƙanena ke ci da ni? Bakina ya ƙi. Rasaki ya ce to a yi biyu, kowa da tasa. Na ce a fara da ɗaya, in mun gama rijiyar da ke hannunmu mu dawo a yi ta biyun. Ya ce in ɗaya ce, shi a ganinsa a fara da Sani. Sai Sani ya yi dariya, irin dariyar nan tasa ta jin kunya.

Ya ce, “Haba Rasaki. Ina ni ina sa suna, Yaya na zaune?”

Nan ne wurin. Kalma ɗaya ta isa. Da na ce rubuta Sani, da ya rubuta, da Sani ya yi 'yar gardama ya bari. Na yi shiru, har ma na ji daɗin yadda ya girmama ni a gaban baƙo. Na dangwala yatsa. Kuma ga abin da na sa a raina, don ku san irin wautar: na ɗauka takarda kamar sauran al'amuranmu ce. A ƙasarmu babu abin da ba a gyarawa da magana. Haraji in ya gagara a je wajen mai unguwa, rikicin iyakar gona a tara dattawa, ko alƙali ma ana roƙonsa arziki. Na ce a raina in wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, sai mu je mu yi bayani, mu ce gida ɗaya ne, aiki ɗaya ne, ai su ma mutane ne za su gane. Ban san akwai abin da ba shi da kunnen jin roƙo ba.

Takarda ta biyu ba mu koma mun yi ba. Mun gama waccan rijiyar, mun gama wata, na wuce ƙofar Rasaki a kan babur ya fi sau goma. Sau biyu ya tsayar da ni ya tuna mani, ina ce mashi sati mai zuwa. Ba rashin kuɗi ba ne, kada wani ya ba ni wannan uzuri. Abin da na saye ta dominsa ya riga ya biya, mata sun yi shiru, Sani na nan, sai na manta da sauran. Takardar tana cikin adakar Hajara a ƙarƙashin zannuwa, don Inna ta ce ba za ta kwana ɗaki ɗaya da ita ba.

Da bazara ne, a wani ƙauye gaba da Ƙarfi. Rami ya kai gaba goma sha biyu, mun fara ganin danshi. An yi ruwan farko kwana biyu kafin nan, ƙasar bakin ramin ta yi laushi, kuma aikina ne in duba. Ƙarafa uku muke kafawa a kan rami, a rataya sarƙa a tsakiya, da ita ake saukar da zobe a hankali, na ƙasa yana daidaita shi. Da hantsi muka ɗaura zobe muka fara saki. Ya yi rabin hanya sai ƙafa ɗaya ta ƙarafan ta nutse cikin laka. Na ga ta tafi, na kai hannu, me hannu zai yi? Zoben ya karkace, ya bugi bango, ya sulluɓe. Ba mu ji ihu ba. Ƙara ɗaya muka ji, sai ƙura ta taso daga ramin. Na ɗaura igiya a ƙugu na shiga, karo na farko cikin shekara bakwai. Sani ya manne da bango, shi ya sa bai mutu ba, amma zoben ya sauka a kan ƙafarsa ta dama daga gwiwa zuwa ƙasa, ya kuma bugi ƙugunsa. Idonsa biyu. Da ya gan ni sai ya ce, Yaya, kai ne ka shigo? Sai da mutanen gari suka taru, aka kawo itatuwa aka kafa, kafin muka ɗaga kankaren. Wata motar ɗaukar taki ce ta kai mu asibiti, yana kwance a kan buhunan wofi, kansa a cinyata.

A cikin motar nan tunanin ya zo mani, kuma ba wanda ya ba ni shi, nawa ne. Takardar ba ta da hoto. Ni da Sani muna kama, tsagar fuskarmu ɗaya, shekara biyar ce tsakaninmu. Wa ya san Lawal, wa ya san Sani a asibiti? Da muka isa aka kwantar da shi a benci kusa da tagar yankan kati, malamin kati ya tambayi sunan mara lafiya, na ce Lawal. Ya fara rubutawa. Sai na ji muryar Sani daga bayana, a shaƙe amma kowa ya ji.

“Malam, ba sunana ba ke nan. Sani nake.”

Na durƙusa kusa da kansa, na yi ƙasa da murya, na ce ya rufa mana asiri ya yi shiru, wannan ce kaɗai hanyar da ta rage, don 'ya'yansa nake yi. Ya kamo hannuna, hannun ya yi sanyi kamar randa.

Ya ce, “Yaya, ina jin ba zan fito daga ɗakin nan ba. Kada ka sa in je gaban Allah da ƙarya a bakina. Ka bar ni da sunana.”

Tunda aka haife shi bai taɓa musa mani ba sai ranar. Kuma kun san abin da na ji? Ba tausayi ba, haushi. Jininsa na zuba a ƙasa ni kuma ina jin haushinsa, har na ce mashi wawa. Wannan ce kalmar ƙarshe da ya ji daga bakina kafin su tura shi ciki. Malamin kati ya yaga na farko ya rubuta wani, bai ko dube ni ba.

Bai mutu ba. Sun yanke ƙafar sama da gwiwa, ƙugun kuma bai taɓa komawa daidai ba, ko da sanda biyu sai ya huta sau uku kafin ya kai masallaci. Yana asibiti na fara yawon da na ɗauka zai gyara komai. Na je wajen Rasaki da goro da dattawa biyu, kamar masu zuwa biko. Mutumin nan ya yi kuka a gabanmu. Ya rubuta wa manyansa wasiƙa, ya sake rubutawa, ya hau mota ya je Kaduna da kuɗinsa. Amsa ɗaya ce: wanda sunansa ke kan takarda lafiyarsa ƙalau. Na ce a haɗa ni da mai kamfanin in roƙe shi da bakina, Rasaki ya ce babu wani mutum ɗaya da za a roƙa, ko shi bai taɓa ganin mai shi ba. Daga nan na nufi ofishin ruwa, na ce ai rijiyar gwamnati ce, a bakin aikinta ya nakasa. Malam Iro ya kai ni gaban wani jami'i, saurayi mai ladabi, ya ba ni kujera, ya saurare ni har na gama. Sannan ya buɗe fayil ya nuna mani inda na dangwala. Ya ce dokar diyya tana nan, gaskiya ne, amma tsakanin ma'aikaci da wanda ya ɗauke shi aiki take. Su ni suka ba kwangila, ba su ɗauki Sani ba.

Ya ce, “A takarda, Malam Lawal, kai ne ubangidansa. In akwai wanda doka za ta ce ya biya shi diyya, kai ne.”

Na fito na zauna a kan dakalin ofishin har aka kira azahar, na kasa tuna inda na ajiye babur. Malam Iro ya zo ya tsaya a kaina, ya ce sai haƙuri, bai ƙara komai ba, kuma da ya zage ni da ya fi mani sauƙi.

Gurbin da Sani ya ƙi wani Ɗanjuma ne daga wajen Malumfashi ya samu. Bayan shekara sarƙa ta cinye mashi yatsu biyu, aka yi mashi magani, aka biya shi, aka mai da shi mai gadin sito, yana karɓar albashi har ya tsufa. Labarin ya iso gidanmu, don labari irin wannan ba ya ɓata hanya. Rabi ba ta taɓa fasa gaishe ni ba. Kullum da safe sai ta durƙusa ta ce Yaya ina kwana, ta kawo mani koko in Hajara ba ta kusa. Sau ɗaya tak ta yi magana, ranar da ta fitar da kwallayenta na aure za a kai kasuwa. Na ce ta mayar, zan nemo. Ta ce ba komai, sannan ta ce, Yaya, da ka bar shi ya tafi. Ta ɗauki kayanta ta wuce. Maganar kwano kuma ga yadda take: ɗakin Sani na yoyo, shi kuma ba ya iya jan jiki ya kauce wa ɗigon, sai Rabi ta tarar da shi jiƙe. Na sayar da babur da gonar fadama na rufa mashi kwano, kuma da yake bangonmu ɗaya, kafinta ya ce sai dai a haɗa da nawa. Mutane suka ga kwano na walƙiya, suka san an yi maganar inshora, suka haɗa biyu da kansu.

Da shekara ta zagayo Rasaki ya zo har Dayi. Ya tsaya a ƙofar zaure yana murza hula, ya ce aikinsa ne ya sanar da ni wa'adin takarda ya cika, ba don yana tsammanin komai ba. Na miƙe zan kore shi, har na fara ɗaga murya. Sani na zaune a kan tabarma a zauren yana tufkar igiya, sana'ar da ya koma ke nan, yana sayar wa masu shanu da masu guga. Bai ɗago kai ba.

Ya ce, “Yaya, ka sabunta. Yanzu kai ke shiga. Gida biyu na kanka.”

Gaskiya ya faɗa. Babu wanda ya yarda ya shigar mani rami bayan abin da ya faru, sai na ɗauki wani ya tsaya a baki ni na koma ciki, da furfura a gemuna. Na sabunta, na ci gaba da sabuntawa duk shekara. To, ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Hajara har ta rasu ba ta ji shi daga bakina ba. Duk ranar da za a saukar da zobe, in na ɗaga kai na ga kankaren nan ya rufe hasken bakin rami yana saukowa, sai in ji raina na cewa: da ma ya zo. Ƙafa ɗaya kawai, ko hannu. Kamfani ya biya, in ɗauka in zuba a gaban Sani, in samu in yi barci. Na san haramun ne, ina istigfari a cikin ramin, amma tunanin ba ya tafiya. Na fara jinkirin matsawa jikin bango. Na sama ya yi ta kira, Malam Lawal matsa, Malam Lawal matsa, sai zoben ya kusa taɓa kaina sannan ƙafafuna su janye ni, ba da izinina ba. Shekara goma sha ɗaya ina haka. Rijiya ta rufta da wasu, iska mai guba ta kashe wani a Matazu, sarƙa ta tsinke wa wasu. Ni ko farce ban fasa ba.

Kullum in na dawo da la'asar sai in tarar da Sani a zaure, ya tambaye ni gaba nawa aka kai, wane launi ƙasar take, ko an fara jin sanyi a tafin ƙafa. In faɗa mashi, ya ce saura kwana kaza a sami ruwa, kuma bai cika kuskure ba. Sau da yawa na shirya maganar da zan yi mashi, in na fara, Sani, game da abin nan, sai ya tare ni ya ce Allah ne ya ƙaddara, ya jawo wata hira. Bai taɓa barina na kai ƙarshe ba. A damunar da ya rasu, ciwon ƙugun ya kwantar da shi, jikinsa ya kumbura. Wata ranar Juma'a bayan an sauko na shiga na zauna a bakin gadonsa, Rabi ta fita ta ba mu wuri. Ya daɗe yana kallon rufin.

Ya ce, “Yaya, ka daina tsayawa ƙarƙashin kankare. Masu riƙe maka sarƙa sun gaya mani tun tuni. Ko an biya ba zan taɓa kuɗin ba.”

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe, maganar ta zo har maƙogwaro, shekara goma sha ɗaya ina ɗauke da ita. Sai ya ɗaga murya ya kira Rabi ta kawo mashi ruwa, ta shigo, 'yan dubiya suka biyo bayanta, na tashi na ba su wuri. Na ce gobe. Ranar Asabar da safe muka kai shi maƙabarta, kuma ni na shiga na gyara mashi kwanciya, don a duk waɗanda suka taru babu wanda ya kai ni sanin rami.